Tambaya da Amsa: Mai ciwon ƙoda da miyar ganye, me zai ci me zai bari?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suke, wato abincin mai ciwon ƙoda, musamman maganar ganye da sinadarin nan potasiyam da ake ta tsorata mutane da shi. Na zaɓo waɗanda na ga sun ƙunshi damuwar saura, na ɗan gajarta wasu, sunaye kuma na cire su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Anti barka da aiki, Allah ya saka da alheri. Maigidana ne aka ce yana da ciwon ƙoda mataki na 3, dama ya daɗe da hawan jini. To tun ranar da muka dawo daga asibiti ƙanwarsa ta turo min wani dogon jeri a WhatsApp na abubuwan da wai bai kamata ya ci ba, babu alayyahu babu zogale babu tumatur babu kabewa babu kuɓewa babu wake babu kayan marmari ko wane iri, wai duk potasiyam ne zai tsayar masa da zuciya. Yanzu farar shinkafa da ɗan mai kawai nake ba shi sai koko, wallahi Anti bawan Allahn nan duk ya rame wuya ya fito, ga shi sai ya kwana uku bai zaga ba, in ya ga yara suna cin tuwo da miyar taushe sai ya tashi ya bar wajen. A takardar gwajin jininsa ta ƙarshe an rubuta 4.4 a gaban harafin K. Don Allah ya zan yi? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: 'Yar uwa sannu, Allah ya ba maigida lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya ba ki ladan jinya. Saƙonki ya taɓa min zuciya sosai don irinsa ne na fi samu, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki mayar wa mutumin nan da miyarsa. Wannan K ɗin da kika gani shi ne potasiyam ɗin, kuma 4.4 lafiya ƙalau ne, ma'aunin da ake so a jini daga 3.5 ne zuwa 5.0, wasu ɗakunan gwajin su ɗan ɗara kaɗan. Mutumin da nasa yake 4.4 ba shi da dalilin da za a raba shi da ganye gaba ɗaya, sai dai in likitansa da bakinsa ya ce akwai wani dalili na daban.

Shi potasiyam ba guba ba ne fa. Jiki ba ya rayuwa sai da shi, jijiyoyi da tsoka da bugun zuciya duk da shi suke aiki, har ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba lafiyayyen baligi shawarar ya samu aƙalla miligiram 3,510 a rana saboda yana taimakawa wajen saukar da hawan jini. Inda matsalar take shi ne ƙoda ce ke fitar da rarar ta fitsari, kusan kashi 9 cikin 10 ita ke fitarwa, sauran ya bi bayan gida. To in ƙoda ta yi rauni sosai sai ya fara taruwa a jini, in ya haura 5.5 an fara damuwa, in ya kai 6 zuwa sama kuwa maganar gaggawa ce don yana iya rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita. Kin ga ƙanwar maigidan ba ƙarya ta yi ba, tsoron yana da tushe, kuskuren kawai shi ne an ɗauko dokar da aka yi wa wanda ƙodarsa ta kusa dainawa ko yake wankin ƙoda an ɗora wa wanda bai kai nan ba. A mataki na 3 ƙarfin tacewar ƙoda, wanda ake rubutawa eGFR a takarda, yana tsakanin 30 da 59, kuma da yawa daga masu wannan matakin ƙodarsu na iya fitar da potasiyam ɗin abinci ba matsala. An fi ganin taruwar a mataki na 4 da na 5, wato in lambar ta faɗo ƙasa da 30, ko a mai ciwon suga, ko mai shan wasu magunguna da zan ambata a can ƙasa.

Su kansu likitocin ƙoda na duniya sun sauya salo a wannan maganar. Ƙa'idar abinci ta KDOQI da aka sabunta a Amurka a 2020 cewa ta yi a daidaita potasiyam ɗin abinci gwargwadon abin da jinin mutum ya nuna, ba a yi wa kowa kuɗin goro ba, ta ƙungiyar masana ƙoda ta duniya KDIGO ta 2024 ma ta ƙarfafa cin abincin da ya fito daga tsirrai, ta fi karkata gargaɗinta ga abincin kamfani da ake zuba wa sinadarai. Dalili kuwa potasiyam ɗin da ke cikin ganye da wake ba duka hanji ke tsotsewa ba, wani yana fita tare da dusar abincin, amma wanda kamfani ya zuba kusan dukansa ke shiga jini.

Sannan ki duba abin da hanin ya jawo. Kwana uku bai zaga ba, alhali mai ciwon ƙoda hanjinsa ne ke ƙara ƙoƙari wajen fitar da potasiyam don ya rage wa ƙoda aiki, in ciki ya cushe wannan ƙofar ta rufe ke nan, sai ki ga an hana mutum ganye don gudun potasiyam amma hanin da kansa ya taimaka wajen tara shi. Ga rama, wadda ita kanta hatsari ce babba ga mai wannan ciwon. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne tashin da yake yi in ya ga yara na cin tuwo, magidanci a gidansa ya zama ba ya iya zama cikin iyalinsa lokacin cin abinci, wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma ba sai an kai ga haka ba.

Don haka ki yi masa miya, taushe ko kuɓewa ko kuka, ludayi ɗaya ko biyu madaidaita, kar dai ya zama kwano guda na zallar ganye safe da rana da dare. Abin da za ki sa wa ido sosai a matakinsa gishiri ne da dunƙule, duk gishirin da zai ci a wuni kar ya wuce giram 5, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan har da wanda ke cikin dunƙulen. Nama ma a yi shi daidai ba a cika ba. Kuma duk zuwa asibiti ki duba K ɗin nan da idonki ki rubuta a wani littafi da kwanan wata, ranar da kika ga ya haura 5 sai ki nemi a haɗa ku da mai kula da abincin marasa lafiya na asibitin, manyan asibitocin koyarwa suna da su, a zauna a duba abin da za a rage.

Tambaya: Salam Anti. Mahaifiyata ce ake wa wankin ƙoda, an ce sau uku a sati amma gaskiya ƙarfinmu sau ɗaya ne wani satin biyu. Fitsarinta ya ragu sosai. Gwajin da aka yi kafin wankin ƙarshe 5.9 ne, nas ɗin ta ce mu rage ganye da su doya da dankali amma ba ta yi bayani ba layi ya yi yawa. Wata maƙwabciyarmu ta ce in jiƙa komai a ruwa ya kwana shi ke nan potasiyam ya fita. Haka ne? Kuma wane ganye ne ya fi sauƙi? Daga wata ɗiya a Zariya.

Amsa: Ƙanwata Allah ya yi miki albarka, ya ba Mama lafiya, ya buɗa muku hanyar da za ku samu kuɗin wankin nan cikakke. Ke kam amsarki daban take da ta uwargidan da ke sama, Mama tana cikin waɗanda dole a yi wa lissafi, don tsakanin wanki da wanki duk abin da ta ci yana nan zaune a jini, kuma tazarar sati guda doguwa ce ƙwarai. Irin su akan ce kar su wuce miligiram 2,000 zuwa 2,500 a rana, likitanta zai faɗi nata adadin.

Maganar jiƙawa, maƙwabciyarki ta kama rabin zance. Jiƙa ɗanyen dankali ko doya a ruwan sanyi kawai, ko da ya kwana, ɗan kaɗan yake cirewa, don sinadarin yana kulle ne a cikin ƙwayoyin naman abin, sai zafi ya fasa su yake fitowa. Tafasawa ce ke aikin. Ki fere, ki yanka ƙanana ƙanana kamar girman dunƙulen miya ko ma ƙasa da haka, ki zuba ruwa mai yawa wanda ya shanye kansu ya ninka, kar ki yi tsimin ruwa, in ya tafasa ya ɗan jima ki tsiyaye ruwan ki zubar, ki sake zuba wani sabo ki ƙarasa dahuwar ki sake tsanewa a kwando. Dankalin da aka yi wa haka yakan rasa wajen rabin potasiyam ɗinsa, in an yanka shi siriri sosai ma ya fi haka. Amma ki lura rabi na ce, ban ce duka ba, in ta ci faranti biyu an koma gidan jiya. Suya da gashi da turarawa kuwa ba sa cire komai tunda babu ruwan da zai ɗauke shi, saboda haka soyayyar doya da gasasshen dankali da soyayyar agada a ajiye su tukuna, in kuma ranta ya biya sosai to a tafasa ɗin a zubar da ruwa sannan a ɗan soya kaɗan. Faten doya da faten dankali yadda muka saba yi, a zuba ɗanye a cikin ruwan miya ya dahu a ciki a shanye romon, wannan shi ne mafi muni a wajenta, komai na cikin tukunyar.

Ga kimanin miligiram na potasiyam da ke cikin giram 100 na ɗanye don ki gane bambancin, kuma kimani ne don ƙasa da irin shuka suna sa ya ɗan motsa. Alayyahu ya kai 600, lalo ma ya haura 500, makani wajen 590, doya a wasu awon har 800, dankalin turawa 420, dankalin Hausa da kabewa da ɗanyen zogale kowanne wajen 340, karas 320, kuɓewa 300, rogo 270, tumatur 240. Masu sauƙin su ne kabeji 170, koren tattasai wajen 175, albasa da kokwamba wajen 150, latas ma yana nan ƙasa da 200, yalo ya ɗan haura 200. Dafaffiyar farar shinkafa kuwa ko 50 ba ta kai ba, shi ya sa take zama madogara, taliya da tuwon shinkafa da tuwon masarar da aka surfa su ma haka.

Alayyahu yana da wata yaudara da nake so ki gane, in ya ji wuta yamushewa yake, ɗauri guda da ya cika roba sai ya koma ɗan tafin hannu, to ludayi ɗaya na miyar alayyahu mai kauri ganyen da ke cikinsa ya fi yadda ido ke gani nesa ba kusa ba. Ki yanka shi tukuna, ki tafasa a ruwa mai yawa na 'yan mintuna, ki tsane ki matse sannan ki zuba a miya, kuma ki haɗa shi da kabeji don ya yi auki. Abin daɗin ma wannan ba baƙon aiki ba ne a kicin ɗinmu, ai haka iyayenmu ke yi wa rama da yakuwa don rage tsami, haka ake yi wa zogale da ganyen tafasa kafin a yi kwaɗo, a dafa a zubar da ruwa a matse. Wannan hanyar ita ce daidai. Sai dai in kin yi mata kwaɗon ki rage ƙuli sosai, gyaɗa tana da wajen 700 ga kuma sinadarin fosfaras wanda shi ma mai wankin ƙoda ke fama da shi, haka gyaɗar miyar taushe a sa 'yar kaɗan, kabewar kuma a tafasa ta daban a zubar da ruwan. Dambu in za a yi mata kar a zuba ɗanyen zogale a turara, a dafa shi tukuna. Ruwan dafaffen zogalen nan da wasu ke tacewa su sha wai don hawan jini, don girman Allah kar ya kusanci bakin Mama, duk abin da kika sha wahalar cirewa a cikinsa yake.

Tumatur ɗanye guda ɗaya ko biyu a tukunyar gida ba shi ne tashin hankali ba, na gwangwani da na leda ne abin kiyayewa don an ƙafe shi, giram 100 ya kai 1,000, babban cokali ɗaya wajen 160 ke nan. Busasshen tumatur ma haka. Jar miyar da aka soya ta ƙafe ta yi kauri a ɗiga mata kaɗan, ki yawaita albasa a ciki ki rage tumatur. Wake kuma ki jiƙa ya kwana, ki zubar da ruwan, ki tafasa ki sake zubarwa, ta ci kaɗan cikin shinkafa ba kullum ba, don mai wankin ƙoda yana bukatar abinci mai gina jiki fiye da wanda bai fara ba, ƙwai da kaza da kifi kar a hana ta.

Na san ruwan da ake zubarwa yana tafiya da wasu bitamin, gaskiya ne, shi ya sa wannan dabarar ta mara lafiyar ce ba ta duk gida ba, ki raba nata ki bar wa sauran nasu yadda suka saba. Kuma ki gaya wa likita a fili cewa sau ɗaya kuke iya zuwa, kar kunya ta hana ki, akwai maganin da ake ba wa mutum ya sha yana kama potasiyam a hanji ya fita da shi, shi zai duba ko ya dace da ita.

Tambaya: Malama ina wuni. An ce min kanwa ita ce potasiyam ɗin da kanta, gaskiya ne? Sannan ɗana ya sayo min wani gishiri a babban kanti wai na masu hawan jini ne ba ya cutarwa. Ina da ciwon ƙoda mataki na 4. Daga wani dattijo a Katsina.

Amsa: Baba ina wuni, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gishirin nan a daina amfani da shi yau ɗin nan, kar a jira gobe. Irin waɗannan gishirin ana rage sodiyam ne, wato sinadarin da ke cikin gishirin da muka saba, a cike gurbin da potasiyam, a sa yaron ya duba jikin robar zai ga an rubuta potassium chloride, wanda ake kira LoSalt misali kusan kashi 2 cikin 3 nasa shi ne, ƙaramin cokali ɗaya ya haura miligiram 1,500 kuma kusan duka yake shiga jini. Ga mai hawan jini da ƙodarsa ke lafiya yana da amfani, yaron da kyakkyawar niyya ya sayo, amma ga mai mataki na 4 ya fi duk wani alayyahu hatsari.

Kanwa kuma yawancin abin da ke cikinta sodiyam ne, ɗan uwan na gishiri, illarta a wajenku ita ce ta tayar da jini ta kawo ƙishirwa da kumburi, don haka a rage ta ƙwarai a ɗanwake da miyar kuka da kunun kanwa. Wadda take cike da potasiyam ita ce toka, ruwan tokar da ake tatsa daga ƙonannen kara a zuba a miya, wannan a bar ta kwata-kwata. In ana neman ɗanɗano ga albasa da tafarnuwa da citta da masoro da 'yar daddawa da matsin lemun tsami.

Tambaya: Anti mu nan garinmu ciwon ƙoda ya yi yawa, kusan kowane gida akwai wanda ya taɓa. Yayana na ciki. Mutane suna ta kawo masa garin zogale wai ya dinga sha a kunu cokali uku safe da yamma yana wanke ƙoda, wasu kuma jiƙe-jiƙe na sassaƙe. Miyar kuka da busasshiyar kuɓewa fa, tunda su ne abincinmu? Daga wani matashi a Gashuwa.

Amsa: Ɗan uwa sannunku da haƙuri, halin da Gashuwa da garuruwan da ke kewaye da ita suke ciki game da wannan ciwon sananne ne, Allah ya kawo muku ƙarshensa. Abin da za ka riƙe game da duk busasshen ganye shi ne ruwa ne kawai ya fita, potasiyam ɗin yana nan daram, sai ma ya tattaru a ɗan ƙaramin abu. Ɗanyen zogale wajen 340 ne a giram 100, garinsa kuwa ya haura 1,000, ga shi ba a tafasa an zubar da ruwa ba, cokali shida a rana kullum ba wasa ba ne ga wanda ƙodarsa ta gaza. Kuma maganar gaskiya babu wani gari ko jiƙo da ke wanke ƙodar da ta riga ta yi tabo, da yawa ma ƙarasa ta suke yi, don ba wanda ya san me ke ciki ko nawa ne adadinsa, kuma duk abin da aka sha ƙodar nan mai rauni ce za ta yi fama da shi. Na san da wuya a mayar wa dattijo da abin da ya kawo don kulawa, ku karɓa ku yi godiya, amma kar ya sha.

Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa ba sai an bari ba, tunda ɗan gari kaɗan ne ke kaɗa tukunyar da gida guda zai ci, abin da ke zuwa kwanon mutum ɗaya bai taka kara ya karya ba. A yi tasa ba mai kauri kitif ba, ba toka, kanwa 'yar ƙanƙanuwa ko babu, ludayi ɗaya zuwa biyu. Ku kuma da kuke lafiya a gidan ku je a auna muku jini da fitsari ko sau ɗaya ne a shekara, ciwon nan ba ya nuna kansa da wuri.

Tambaya: Hajiya dabino fa da buɗa baki? Da kankana da ayaba da kunun aya? Ina mataki na 4, na ƙarshe 5.2 ne. Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Amsa: 'Yar uwa kafin dabino, azumin kansa sai kin zauna da likitanki tukuna, mai mataki na 4 wuni ba ruwa yana iya taɓa ƙodarsa, kuma Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin suratul Baƙara. In ya amince miki, ƙaramin busasshen dabino ɗaya wajen miligiram 50 ne, ɗaya ko biyu ba laifi, amma manyan nan masu laushi guda ɗaya ya haura 150. Ayaba da fiya da gwaiba da ruwan kwakwa da tsamiya mai kauri da kunun aya suna da yawa, ki jingine su tunda kin ɗan haura 5. Abarba da tuffa da kankana sun fi sauƙi, wajen 110 a giram 100, sai dai kankana ba a cin ta kaɗan, yanka ɗaya siriri ya isa. Kuma kar ki tara komai a zama ɗaya da magariba, ki rarraba zuwa sahur.

Tambaya: Anti ni na gaji wallahi. Na bar ganye na bar kayan marmari na bar doya, amma duk gwaji 5.6 ko 5.7. Bayan ciwon ƙoda ina da suga da hawan jini, ina shan lisinopril, in gwiwa ta dame ni ina sayen diclofenac a kemis. Me kuma ya rage in bari? Daga wani malamin makaranta a Jos.

Amsa: Malam kar ka karaya, kuma ka daina zargin kwanonka, don a bayaninka na ga abubuwa uku da kowannensu zai iya ɗaga potasiyam ko da ruwa kawai kake sha. Na farko diclofenac ɗin nan, shi da ibuprofen da danginsu da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, suna rage jinin da ke shiga ƙoda suna hana ta fitar da potasiyam, mai ciwon ƙoda ba ya shan su sam, ka bari daga yau ka nemi likita ya duba gwiwar ya ba ka wanda ya dace, galibi parasitamol ake farawa da shi. Septrin ma, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, yana ɗaga shi, in za a rubuta maka maganin wata cuta ko a ina ne ka fara faɗin cewa kana da ciwon ƙoda.

Na biyu lisinopril, shi da enalapril da losartan da spironolactone duk suna sa jiki ya riƙe potasiyam. Amma shi kar ka kuskura ka daina da kanka, yana cikin magungunan da suka fi kare ƙodar mai suga da rage zubar furotin a fitsari, likitoci sukan fi son su gyara sauran abubuwan su bar mutum a kansa, ko su rage adadin, ko su ƙara maganin sa fitsari, wannan hukuncin nasu ne. Na uku sugan kansa, insulin, sinadarin da ke saita suga a jiki, shi ne ke tura potasiyam daga jini zuwa cikin tsoka, in suga ya yi sama ba a saita shi ba sai ya tsaya a jini, kuma ina jin tsoron tunda ka bar ganye farar shinkafa da burodi ka koma wa, ka ga sugan zai ƙara hawa. Akwai kuma tsamin jini da ke zuwa da raunin ƙoda, ana ganinsa a wannan takardar gwajin a layin bicarbonate, in ya yi ƙasa da 22 ka nuna wa likita, akwai ƙwayar da ake bayarwa. Cushewar ciki ma in kana da ita ka faɗa.

Wani abu da ba a cika gaya wa mutane ba, wani lokacin lambar ma ba ta gaskiya ba ce. In aka ɗaure hannu ya daɗe, ko aka ce ka yi ta dunƙule hannu kana buɗewa, ko aka sha wahalar samun jijiya, ko jinin ya daɗe a ajiye kafin a auna, ƙwayoyin jini kan fashe su zubo da potasiyam ɗinsu a cikin kwalbar sai sakamako ya fito sama. Tunda naka ya maimaita kansa ba zan ce shi ne ba, amma ka roƙi a sake ɗiba a natse a kai ɗakin gwaji nan take.

Ka tattara duk abin da kake sha har na gargajiya da na kemis ka zuba a leda ka kai wa likitan cikin satin nan, kar ka jira ranar da aka ba ka. In kuwa ka ji ƙafafu sun yi nauyi kamar ba naka ba, ko kasala mai tsanani, ko sagewa da jin kamar ana tsikarinka da allura a hannu da leɓe, ko zuciya na tsalle ko tana bugawa a hankali, ko numfashi na yi maka wuya, ko dare ne a kai ka sashen gaggawa, ka ce musu kana da ciwon ƙoda kuma na ƙarshe 5.7 ne, a yi maka awon bugun zuciya na ECG a sake ɗibar jini. Sau da yawa kuma yana hawa ba tare da mutum ya ji komai ba, saboda haka ko kana jin garau gwajin nan kar ka tsallake shi.